Kofi Goma Sha Shida na Dokin Baba

Ƙanena ba ya barin mutum ya kai ƙarshen magana. Kana buɗe baki zai ce, "Na riga na sani." Tun yana ƙarami haka yake, har sunan ya bi shi, kowa Na-Riga yake ce masa. Baba ma da shi yake kiransa.

Sana'o'in da ya riga ya sani suna da yawa. Ya yi gyaran rediyo, kuma rediyon mai askin layinmu har yau sai an ɗora mata dutse take magana. Ya yi kiwon kaji, ya ce zai koya musu yin ƙwai sau biyu a rana, kajin suka haɗa baki suka daina gaba ɗaya. Ya yi fenti na kwana uku. Ni ce babbarsa, gidan aurena yana jikin gidan Baba, katanga ɗaya ta raba mu, saboda haka duk abin da ya ɓata ni ake fara kawo wa ƙara.

Baba kuwa sana'arsa ɗaya tun kafin a haife mu, doki da amalanke. Yana ɗauko buhuna da katako daga bakin kasuwa ya kai wa masu shaguna. Dokin da yake da shi yanzu shekararsa goma sha biyu a hannunsa, ba a taɓa ganin ya yi gudu ba, shi ya sa ake kiransa Dattijo. Bargarsa tana bayan gida, ɗaki ne na bulo mai ƙofar kwano da taga ɗaya mai sandunan ƙarfe tana kallon lungu. A ƙarƙashin tagar akwai komin da ake zuba masa dusa. A kusurwa kuma akwai wani bokitin ƙarfe da ya lotsa ta gefe guda, wanda Baba yake cikawa da kansa.

Sai ciwon yanar ido ya kama Baba. Da farko yana gane hanya da ƙyar, daga baya dokin ne ma yake kai shi ya dawo da shi. Likita ya ce sai an yi aiki, asibitin kuma da nisa, kwana huɗu za a yi. Mijina ne zai raka shi.

Ranar tafiya Baba ya tsaya a ƙofar barga yana shafa wuyan Dattijo, ya kira ƙanena.

"Na-Riga, ban san yadda idon nan zai dawo ba. In bai dawo ba, dole wani ya riƙe linzami. Ka girma, ba ka da abin yi. In na dawo na tarar da dokin nan yadda na bar shi, shi da amalanken naka ne. In kuwa na tarar..."

"Na riga na sani, Baba."

"Ciyawa tana rumfa. Dusa safe da yamma. Ruwa kuma, ka ga wannan bokitin, kada..."

"Haba Baba, ruwa ne fa. Wa za a koya wa ruwa?"

Ya juya ya tafi ɗauko wa Baba jaka. Baba ya ƙarasa maganarsa a hankali, ni kaɗai na ji, "kada ya bushe."

Na yi wa ƙanena addu'a a zuciyata, domin ina son ya samu wannan amalanken fiye da yadda shi kansa yake so.

Motarsu ba ta gama shan kwana ba ya fito da bokitin ya zubar da ruwan, ya kife shi a ƙofar barga ya zauna a kai. Ya sa aka samo masa kwali da alƙalami mai kauri, ya ɗauko kofin shayin Baba. Mai aski ya baro shagonsa da almakashi a hannu, mai wanki ya taso daga bakin famfon layi yana share kumfa a wando, suka tsaya a kansa.

"Me ake rubutawa, Injiniya?" in ji mai aski.

"Jadawali. Shekara goma sha biyu Baba yana ɗura wa dokin nan ruwa kamar tanka. Ta yaya zai yi gudu? Duk nauyin ruwa ne. In na rage masa, sawu ukun da Baba yake yi a rana zai koma shida."

"To nawa za ka riƙa ba shi?"

"Lissafi ne mai sauƙi. Likitoci sun ce mutum kofi takwas yake buƙata a rana. Mutum ƙafarsa nawa?"

"Biyu," in ji mai wanki.

"Doki fa?"

"Huɗu."

"Goma sha shida kenan."

Mai aski ya sosa ƙeya da gindin almakashi. "Kaza ma ƙafarta biyu. Kofi takwas-takwas ka riƙa ba kajinka? Ashe shi ya sa suka yi yaji."

"Shanshani kuma sai dai a jona shi da famfo," in ji mai wanki.

"Maciji ya huta, ba ya sha," in ji mai aski.

Na-Riga bai ko ɗago ba. "Ku yi dariya. Duk wanda ya zo da sabon abu sai an yi masa dariya."

Na ce, "Ƙanena, Baba cewa ya yi..."

"Yaya, na riga na sani. Baba ya yi nasa zamanin."

Ya manna kwalin a jikin ƙofa. Na karanta, kofi ɗaya ƙarfe kaza, kofi biyu ƙarfe kaza, har da wurin sa hannu, ban san ko shi zai sa ko dokin ba. Sannan ya cika kofin ya miƙa wa Dattijo. Bakin doki ba ya shiga kofin shayi. Dattijo ya gwada da leɓen sama, ya gwada da na ƙasa, ya ture kofin ruwan ya zube a takalmin Na-Riga.

"Wannan ya shiga lissafi ko bai shiga ba?" in ji mai aski.

Aka koma faranti. Ya juye kofi ɗaya a ciki, Dattijo ya zuƙe a numfashi guda ya ɗago yana kallonsa.

"Saura awa ɗaya," in ji ƙanena, ya nuna wa dokin agogon hannunsa.

Ya ja ƙofa, ya danna sabon kwaɗo, ya rataya makullin a wuya da zare.

Da azahar ina cika buta zan yi alwala na ji ƙara ta bayan katanga, kwas, kwas. Na zagaya lungu na leƙa ta taga. Dattijo ne yake lasar komin dusa yana buga shi da kofato. Da ya ji ƙanshin ruwan butata sai ya turo hanci tsakanin sandunan, yana wani ɗan gurnani kamar mai jin kunyar roƙo. Na san ba ni aka ba amana ba. Amma dabba ba ta da bakin kai ƙara, kuma na san wa zai tambaye ni ranar da ba makawa. Na zura bakin butar na tsiyaye ta a komi. Na koma na ciko. Sai da na yi sawu biyar kafin na yi alwalar, bayan la'asar na ƙara biyar. Dattijo kuwa yana shanyewa tas, ya lashe komin ya bushe, kamar ya san sirri ne.

Washegari da safe Na-Riga ya buɗe barga ya fito da gudu yana kiran jama'a.

"Ku zo ku gani da idonku."

Muka je. Shimfiɗar ciyawar da ke ƙarƙashin dokin ta jiƙe sharkaf.

"Kofi goma sha shida na ba shi. Ku dubi abin da ya fitar. Wannan ya fi bokiti biyu. Daga ina ya fito?"

Na kalli ƙasa. Na lura mai aski yana kallon rufi, mai wanki kuma ya sunkuya yana gyara silifas ɗin da ba abin da ya same shi.

"Tsohon ruwan Baba ne," in ji ƙanena. "Ruwan shekara goma sha biyu ne ya fara fita. Kun ga ko sha shidan ma ya yi yawa." Ya ciro alƙalami ya soke, ya rubuta goma sha biyu.

Kafin rana ta take labari ya zagaye layi, shi da kansa ya zagaya da shi. Ya tare telar da ke tsallaken titi tana ba akuyarta ruwa a roba.

"Hajiya, ɓarna kike yi. Ƙafa huɗu, kofi sha biyu ya ishe ta."

"Akuya da doki ɗaya ne a wurinka?"

"Lissafi ba ya kallon fuska."

"To teburin ɗinkina ma ƙafarsa huɗu. Ka zo ka shayar min da shi, tun jiya yake ƙara."

Ya ce matsalar mutanen layin nan ba sa ɗaukar ilimi da muhimmanci. Ya wuce wajen mai shayi ya ba da labarin cewa nan da mako biyu masu dokin sukuwa za su riƙa aiko masa da mota. Ya ce yana tunanin buɗe ofis, amma bai yanke shawarar launin allon ba. Ni kuwa ranar na ƙara sawu biyu a kan na jiya, saboda kofuna huɗun da ya rage.

Rana ta uku jiƙewar ta fi ta jiya. Ya soke sha biyu ya rubuta takwas.

"Yanzu ya dawo daidai da mutum," in ji mai aski. "Gobe sai ka koya masa tafiya da ƙafa biyu."

Amma wajen zuba dusa sai ƙanena ya ga gindin komin da danshi. Ya shafa da yatsa, ya shinshina, ya ɗaga kai ya dubi taga. Ya zagaya lungu ya tarar da ƙasa ta yi taɓo a gindin bango, ga sawun silifas nan birjik. Ya shigo gidana ko sallama bai ƙarasa ba. Ina tsintar shinkafa.

"Yaya, tambaya ɗaya zan yi miki. Kin ba dokin nan ruwa?"

Da ya ce wa ya ba shi, da na ce ya je ya bincika. Amma ni ya tambaya kai tsaye, ni kuma ban iya ƙarya ba.

"Na ba shi."

Ya dafe kai da hannu biyu. "Kin ɓata min bincike. Kwana uku ina aiki."

"Ƙanena, zauna ka ji. Doki ba mutum ba ne. Dubi girman cikinsa, dubi busasshiyar ciyawar da yake ci. Ni da kai mun tashi muna ganin Baba yana jido masa ruwa, ka taɓa ganin kofi a hannunsa? Ruwan da kake gani a ƙasa ba na shekara sha biyu ba ne, na butata ne."

"Butarki nawa take ci? Ba za ta fitar da wannan duka ba. Rabin dai nawa ne."

Ya fita ya samo katako da ƙusa. Ina ji yana bugawa, kowace ƙusa kamar a ƙirjina. Ya rufe tagar ruf, ya bar 'yar tsaga ta iska da ko bakin buta ba zai shiga ba. Sannan ya dawo ya ɗebi gishirina tafi biyu.

"Me za ka yi da shi?"

"A dusa zan zuba. Gishiri yana riƙe ruwa. Ba ki ga yadda yake jiƙewa da damina ba? Kofi takwas ɗin za su zauna a jikinsa, ba inda za su."

"Gishiri ƙishirwa yake sawa."

"A mutum."

Na kira mijina a waya. Ya ce an yi aikin lafiya, amma likita ya hana a tayar wa Baba da hankali ko kaɗan, gobe da hantsi za su iso. Na ce to, a gaishe shi. Na ɗauko guduma na nufi kwaɗon. Na tarar da Na-Riga zaune a kan kifaffen bokiti, ya jingina da ƙofar, ya harɗe ƙafa.

"Sai dai ki fara da ni, Yaya."

Gaskiya na ɗan yi tunani kafin na ajiye gudumar.

"In wani abu ya sami dokin nan, ba amalanke kawai za ka rasa ba. Baba ba zai yi maka faɗa ba, shiru zai yi, ka kuwa san shirun Baba."

Ya ɗan gyara zama a kan bokitin. Amma ya ce, "Gobe da hantsi za ki gani. Da amalanken zan ɗauko shi daga tasha. Zai ji gudun da bai taɓa ji ba."

Da safe na tarar da shi a wurin, da bargo a kafaɗa, sauro ya yi masa zane a goshi. Da ya buɗe ƙofar na leƙa ta bayansa. Dattijo ya sunkuyar da kai, ya bar ciyawar jiya ko taɓawa bai yi ba, kwiɓinsa ya shige, leɓensa ya bushe.

"Kin ga yadda ya tsuke?" in ji ƙanena. "Jikin gudu kenan."

Na jira ya shiga ciki wanka, na ɗauke bokitin Baba na nufi famfon layi, domin namu na gida bai zo ba ranar. Na yi niyyar ko a gaban wa ne sai na dire wa dokin nan ruwa, in ya so ƙanena ya yi fushi da ni har shekara.

Famfon yana can ƙarshen layi, ana hango ƙofar gidan Baba daga wurin. A nan mai wanki yake aikinsa. Ya ɗaura igiyoyi uku daga bango zuwa sandar lantarki, ya shanya zannuwan gado farare na wani masauki, ga ƙaton bahonsa cike da ruwan bula, wannan shuɗin da ake tsoma fararen kaya a ciki. Mata shida ne a gabana da bokitai da jarkoki, na bi layi.

Daga nan nake kallon abin da ake yi. Na-Riga ya fito cikin fararen kayansa, ya ɗaura Dattijo a amalanke. Ya ɗora kujerar roba a kai domin Baba, ya ɗaure lema a jikinta, ya rataya kwalin jadawalin a baya yadda kowa zai karanta. Jama'a suka taru, mai aski da wanda yake yi wa aski da rabin kai, tela da tef a wuya, mai shayi da masu shan shayinsa. Ƙanena ya hau ya tsaya a tsaye, linzami a hannu ɗaya, ɗayan yana nuna sama. Iska tana kawo mana maganar gutsure-gutsure.

"...kwana huɗu kacal... abin da aka kasa ganewa shekara da shekaru... ba don ina yabon kaina ba..."

Matar da ke gaba ta ga yadda nake rawar ƙafa ta ce, "Maman yara, in sauri kike zo ki tara." Na yi mata godiya, na tura bokitin ƙarƙashin famfo na murɗa.

Bokitin nan yana da wata ƙara in ruwa ya fara dukan gindinsa, saboda lotsawar, wani irin ƙwarrr mai amo. Shekara goma sha biyu da wannan ƙarar Dattijo yake sanin gari ya waye. Na ga kunnuwansa biyu sun miƙe tun daga can. Ya ɗaga kai, ya buɗe hanci, ya yi wata haniniya da ban san yana da ita ba.

"...kuma yanzu za ku ga gudu," in ji Na-Riga.

Aka kuwa gani. Dattijo ya zabura, ƙanena ya faɗa kujerar Baba da baya, ƙafafu a sama, lema ta rufe a kansa. Linzami ya kuɓuce. Amalanken ta taho tana tsalle a kan duwatsu, kaji suna tashi, mai rabin aski ya haye benci da ƙyallen a wuyansa. Muna jin murya daga cikin lema tana cewa, "Tsaya. Dattijo, tsaya, lokacin bai yi ba, saura minti ashirin."

Matan famfo suka watse. Mai wanki ya ɗaga hannu biyu yana cewa, "Ba ta nan ba, ba ta nan ba." Ta nan ɗin aka bi. Dokin ya sunkuyar da kai ya wuce ƙarƙashin igiyoyi, kujera da lema ba su sunkuya ba. Igiyar farko ta tafi da lemar. Ta biyu ta naɗe ƙanena da zanin gado tun daga kai har gwiwa. Ta uku ta ƙara masa rigar matashi a ka. Ya miƙe tsaye a cikin zanin yana lalube, kamar an aiko shi daga wata duniya.

Ni dai ina nan tsaye a bakin famfo. Ina ta salati. Dattijo ya zo daidai bokitin ya ja birki da ƙafa huɗu, ya tsoma baki. Amalanken ta tsaya. Na-Riga bai tsaya ba. Ya wuce ta gefen dokin a sama, shi da zanin gadon, ya sauka da zama a tsakiyar bahon bula. Ruwan ya tashi ya dawo masa a ka.

Layi ya yi tsit, ba a jin komai sai guɗ, guɗ, guɗ na maƙogwaron doki.

A daidai lokacin wata tasi ta tsaya a bakin layi. Ashe mijina ya samu mota har gida, ba su bi ta tasha ba. Ya fito ya buɗe wa Baba. Baba ya sauko da baƙin tabarau, ba sanda, ba mai riƙe masa hannu. Ya tako a hankali yana kallon gidaje kamar baƙo. Ya iso bakin famfo daidai lokacin da ƙanena ya yaye zanin daga fuskarsa. Baba ya ɗan sauke tabarau, ya duba, ya mayar, ya sake saukewa.

"Likita ya ce da farko zan riƙa ganin launuka wani iri," in ji shi. "Ku gaya min gaskiya. Yaron nan shuɗi ne, ko aikin ne bai yi ba?"

"Aiki ya yi, Baba," in ji mai aski. "Mu ma haka muke ganinsa."

Dariyar da aka riƙe ta ɓalle. Tela sai da ta zauna a kan jarkar wata.

Baba bai yi dariya ba, kuma bai je wajen ɗansa ba. Wajen dokin ya nufa. Ya tsunkuli fatar wuyansa ya saki, ya tsaya yana kallon yadda take komawa a hankali. Ya ɗaga leɓensa ya danna dadashi da yatsa. Ya kwance shi daga amalanke, ya ce min, "Ƙara masa rabi. Bari ya numfasa, sannan ki ƙara." Yana yi masa 'yar fito yana shafa wuyansa. Sai da Dattijo ya sha ya sha, ya ɗago da kansa ruwa yana ɗiga daga gemunsa, ya goga goshi a kafaɗar Baba, sannan Baba ya ce, "Alhamdu lillahi. Da an ƙara yini ɗaya, da wani zancen ake."

Ƙanena ya fito daga baho yana tsiyaya. Ya gyara wuyan riga.

"Baba, sannu da hanya. Ka dai ga gudun da idonka. Kwana uku dokin nan yana rayuwa a kan kofi sha shida zuwa takwas, lafiya lau, in ban da ɗan abin da Yaya ta..."

"Kofi?" in ji Baba.

Aka kawo masa kwalin. Na karanta masa, har da wurin sa hannu. Ya juyo gare ni.

"Nawa kika ba shi?"

"Buta goma, wata rana sha biyu. Kamar bokiti biyu."

Mai aski ya yi gyaran murya. "Ni ma dai, kafin in buɗe shago, nakan bi ta lungun da 'yar robata. Bokiti ɗaya zai yi."

Mai wanki yana tsince zannuwansa daga taɓo bai ko ɗago ba ya ce, "Dogon tiyon da nake jan ruwa da shi yana kaiwa har tagar. Bokiti biyu, ko da ɗan ɗori. Na ɗauka ni kaɗai ne."

"Ni ma," in ji mai aski.

Baba ya ƙirga a yatsu. "Biyar. Abin da yake sha kenan in yana ɗaure ba zafi. In ana rana ko ya yi aiki, shida, bakwai. Ban taɓa auna masa ba, shi yake auna wa kansa. Ni nawa in cika, in ƙirga. Ranar da ya rage sha na san ba lafiya tun kafin ya kwanta." Ya dubi jama'a. "Ashe layi guda ne ya yi min kiwo. Allah ya saka."

"To ai biyar ɗin nake nufa," in ji Na-Riga. "Da an bar ni kwana biyu lissafin zai kai can."

"Daga takwas kake gangarowa, Injiniya," in ji tela. "Kofi biyar za ka kai."

Baba ya ɗauki linzamin daga ƙasa, ya kakkaɓe, ya naɗe shi a hannunsa. Ƙanena yana kallon hannun, ni ma ina kallo.

"Idona ya buɗe, linzami zai zauna inda yake. Ban tarar da doki yadda na bar shi ba." Ya sunkuya ya ɗauki bokitin ya miƙa masa. "Amma ban kore ka ba. Da wannan na fara, shekara biyu ina ɗauka kafin a bar ni in taɓa linzami. Ranar da zan tafi na fara gaya maka wata magana a kansa."

"Na riga na..."

Baba ya ɗaga hannu. "Madalla. Na ce, wannan bokitin, kada. Ƙarasa."

Ƙanena ya buɗe baki. Ya dubi bokitin, ya dube ni, ya dubi dokin. Bula tana ɗiga daga haɓarsa.

"Kada... a sace?"

Baba ya girgiza kai.

"Kada ya ƙara lotsawa?"

Baba ya sake girgiza kai. Ƙanena ya sunkuyar da kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ban sani ba, Baba."

Mai aski ya dafe ƙirji. "Jama'a, yau nawa ga wata? A rubuta."

"Kada ya bushe," in ji Baba. "Shi kenan karatun. Je ka ciko."

Ya je ya bi layi a bayan mata shida, ba wadda ta ce ya zo ya tara.

Yau wata biyu kenan yana jido, kuma ban taɓa leƙawa na ga gindin bokitin ba, gaskiyarsa ce sai a faɗa. Baba ya fara barinsa ya zauna a gefen amalanke. Bular ta fita daga jikinsa, sai bayan kunnuwa da ta ɗan jima. Dattijo kuwa bai sake gudu ba.

Shekaranjiya ina shanya na jiyo muryarsa ta katanga, ya tare wani baƙo da ya tsaya tambayar hanya.

"Doki ba a auna masa ruwa. Cikawa ake, a ƙirga. Mutane da yawa ba su san wannan ba. Ni sai da na yi bincike na kwana huɗu kafin na gano."

Baba yana zaune a gindin bango yana gyaran ragama, da sabon idonsa yana zura zare a allura. Bai ɗago ba.

"Na-Riga."

"Na'am, Baba."

"Ya sha rabi."

Sai na ji ƙarar bokiti ta nufi famfo.